Motsi ya fi laɓewa: matasanmu da wayar salula

 

A wannan fitowa za mu yi magana a kan wayar salula, irin mai faɗin fuska wadda ake shafawa da yatsa, da kuma abin da take yi wa jikin ƴaƴanmu samari da ƴan mata. Ra'ayinmu shi ne: waya ta zo, ba za ta koma ba, kuma tana da amfani. Amma tana cin lokacin da yaro ya kamata ya yi gudu, ya yi wasa, ya yi barci. In muka zuba ido, za mu tayar da matasa masu wayo a yatsa, masu rauni a jiki. Gyaran yana hannunmu, mu iyaye, tun daga birnin Tawa har ƙauyukan arewacin Adar.

Yadda abin ya shigo mana

Manya daga cikinmu suna tune da zamanin samariya, lokacin da akwatin talabijin ɗaya ya ishi gari guda. Ana taruwa a fili a kalli Tele Sahel, shiri ya ƙare, kowa ya tafi gida. Bayan haka gidajen bidiyo suka buɗe, ana nuna finafinan Indiya da na Kano. Yaro sai ya nemi kuɗin shiga, ya taka da ƙafarsa ya je, fim ya ƙare a kashe inji. Kallo a wancan lokaci yana da wuri, yana da lokaci, yana da ƙarshe.

Wayar salula ta fara bazuwa a Nijar daga shekarar 2001. Da farko kira kawai ake yi da ita. Yanzu kuwa talabijin da gidan bidiyo da gidan wasa duka sun shige cikin aljihu ɗaya. WhatsApp da Facebook da TikTok ba su da lokacin rufewa. Hoto na ƙarewa wani na biyo shi, domin masu ƙera waɗannan abubuwa sun tsara su ne yadda mai kallo ba zai so ya ajiye ba. Da daɗewar mutum yana kallo suke samun kuɗin talla.

A ƙasar Adar, hanyar da waya ta fi biyowa ita ce ta ci-rani. Maigida yana Abijan, ko Libiya, ko Aljeriya, ko Legas. Yana so ya riƙa jin muryar iyalinsa, sai ya aiko da babbar waya. Sau da yawa uwargida ba ta iya sarrafa ta ba, sai ta miƙa wa ɗanta ko ɗiyarta. Daga mai buɗe wa inna saƙo, yaro ya zama mai waya. Uban da zai tsawata yana nesa, uwa tana fama da aikin gida. Ko a ƙauyen da babu wutar lantarki, farantin hasken rana yana ba da caji. Ta haka waya ta sami wurin zama a gidajenmu ba tare da kowa ya kafa mata doka ba.

Abin da masana suka auna

A shekarar 2019 masana na Hukumar Lafiya ta Duniya suka fitar da sakamakon wani babban bincike. Sun duba ƴan makaranta miliyan 1 da dubu 600, masu shekara 11 zuwa 17, a ƙasashe 146. Sun samu cewa cikin kowane yara 100, yara 81 ba su motsa jiki yadda ya kamata. A wajen ƴan mata 85 ne cikin 100, a wajen samari 78. Wato cikin yara biyar, ɗaya tak ke samun motsin da jikinsa ke bukata.

A shekarar 2020 hukumar ta bayyana gwargwadon da ake so. Yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 a kowace rana yana motsi irin wanda ke sa numfashi ya ɗaga, zuciya ta buga da sauri. Kwana uku a mako kuma ya yi mai ƙarfi, wanda ke gina tsoka da ƙashi, kamar gudu da tsalle da kokowa. Ta kuma ce a rage zama, musamman zaman kallo don nishaɗi.

Yanzu mu yi namu lissafin, tun da mun koyi ƙidaya. A ce saurayi yana awa 4 kullum a kan waya. A shekara awa 1,460 ke nan. In aka raba da 24, za a samu kwana 60 da ƴan kai. Wata biyu cur, dare da rana, yana zaune wuri ɗaya kansa a sunkuye. A ce kuma yana zuba mata dala ashirin kullum. A wata jaka 3 ke nan, a shekara jaka 36 da rabi. Kowane magidanci ya auna tiya nawa ta hatsi wannan kuɗi zai saya a kasuwar Tawa ranar Lahadi.

Abin da jiki ke rasawa

Shekarun samartaka su ne shekarun gini. A lokacin ne ƙashi ke yin kauri da nauyi, kuma ƙashi yana ƙarfi ne in ana ɗora masa aiki. Wanda ya wuce waɗannan shekaru a zaune, da wuya ya rama abin da ya rasa bayan ya girma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Zuciya ma tsoka ce. In ana gudu tana ƙara ƙarfi, in ana zama tana yin lalaci. Tsokar ƙafa da ta hannu su ne ke ƙona sukarin da ke cikin jini. In ba su aiki, sukari da kitse sai su taru. Daga nan ne hanyar ciwon suga da hawan jini ke buɗewa. Waɗannan cututtuka ba su kama mutum rana ɗaya. A hankali suke tafiya, sai mutum ya kai shekara 40 ko 50 su bayyana. Maganinsu kuwa na tsawon rai ne, kuma mai tsada. Ku dubi zaman fada: samari sun kewaye buta, shayi na farko, na biyu, na uku, kowanne da sukarinsa, kowa kansa na kan waya tun la'asar har tsakar dare. Sukari na shiga, ba abin da ke ƙona shi.

Sai barci. Saurayi ko budurwa na bukatar barcin awa 8 zuwa 10 a kowane dare. Hasken waya da zumuɗin abin da ake kallo suna korar barci. Yaron da ya kwanta ƙarfe biyun dare, da safe ba ya fahimtar karatu, ba ya iya riƙe hauya, abu kaɗan ya fusata. Iyaye su ce ya lalace, alhali barci ne bai ishe shi ba.

Ido da wuya su ma suna biyan nasu. Likitocin ido sun lura cewa yaran da ke yawan duban abu kusa, ba su fita sarari, sun fi kamuwa da rashin ganin nesa. Sunkuyar da kai na awa da awa kuma yana kawo ciwon wuya da na baya tun da ƙuruciya.

Birni daban, ƙauye daban

Lissafin da muka kawo na duniya ne baki ɗaya, kuma na ƴan makaranta ne. Bai kamata mu ɗauke shi mu ɗora wa kowa ba. Yarinyar da ke ƙauye wajen Barmu ko Afala ko Takanamat, wadda ke jan guga a rijiya mai zurfi, ta yi daka, ta ɗauko icce daga nesa, ba wanda zai ce mata ba ta motsa jiki. Haka yaron da ke bin garke wajen Abalak. Aikinsu ma ya yi musu yawa. Abin da waya ke ƙwace musu shi ne barci da hutawa. Jikin da ya wuni yana aiki, in ya kwana yana kallo, ramewa zai yi.

A birnin Tawa kuwa abin ya sha bamban. Famfo ya maye gurbin rijiya, injin niƙa ya maye gurbin turmi, kabu-kabu ya maye gurbin tafiyar ƙafa. Duk wannan sauƙi ne, muna godiya da shi. Sai dai motsin da aiki ke bayarwa a da ya tafi, ba a sa wani a madadinsa ba. Ƴan matan birni su suka fi shiga wannan hali. Saurayi ko ba komai yana buga ƙwallo wani lokaci. Budurwa kuwa daga aji sai ɗaki, daga ɗaki sai waya.

Akwai abu ɗaya da birni da ƙauye suka yi tarayya a kai: dandali ya yi sanyi. A da, in farin wata ya fito, ƴan mata na gaɗa, samari na langa da kokowa, ƙanana na ɓuya. A nan yaro ke koyon faɗuwa da tashi, da haƙuri in an kayar da shi, da sanin girman na gaba. Yau a unguwanni da yawa wata na fitowa, fili shiru, sai hasken waya nan da can a gindin bango.

Ƙasar Adar tana bukatar ƙarfi

Wannan magana ta shafi gona kamar yadda ta shafi gidan likita. Ƙasarmu ta duwatsu ce da fako. Damina wata uku ce, wani lokaci ba ta cika ba. Abin da muke ci, da ƙarfin damtse aka ƙwato shi.

Bayan farin shekarar 1984, aikin raya karkara na Keita ya tayar da filayen da aka ɗauka sun mutu. Da hannu aka jera duwatsu, aka haƙa ramuka a jikin tsauni, aka dasa miliyoyin itatuwa. Mafi yawan masu wannan aiki mata ne, domin maza suna ci-rani. A kwarin Majiya, tun daga 1975 aka dasa layukan itatuwa don tare iska. A yankin Illela da Badagishiri manoma suka rayar da fako da ramukan tassa da rabin wata. Iyayenmu da yayyenmu ne suka yi wannan, wasunmu ma da hannunsu a ciki.

To, jeren dutse yana rushewa, ramin tassa yana cikewa, tilas a sake gyara su. Albasar Galmi da ta Tamaske, da garake na bakin tabkin Tabalak, suna son mai juriyar sunkuyo da ban ruwa. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Su ne za su gaji wannan aiki nan da ƴan shekaru. Jikin da bai saba da wahala tun yana ƙarami ba, ranar da aka miƙa masa hauya zai ajiye ta ya nemi hanyar mota. Ko can wurin ci-ranin ma, ƙarfi ake sayarwa. Mai dako da mai gini da mai turin kura ba su cin abinci da yatsa ɗaya.

Mu tuna kuma cewa a nan Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a shekarar 1975, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. A ƙarshen 2024, Abba Ibro na Tawa ya ɗauko takobi a Dosso. Duk zakaran da muke yi wa kirari, a rairayin dandalin ƙauyensu ya fara. Yau yaranmu na kallon kokowa a waya, suna ihu, amma da yawansu ba su taɓa kama kowa ba. In ƙanana ba su kokowa yau, wa zai ɗaura laya ya shiga fili gobe?

Abin da wasu za su ce

Wani zai ce: ai waya ce ke kawo mana labarin kuɗin da aka aiko, da farashin albasa, da muryar ɗan'uwa na nesa. Gaskiya ne. Mu ƙara da cewa mai sabon karatu yana iya ƙarfafa karatunsa da rubuta saƙo. Ba mu ce a jefa waya rijiya ba. Wuƙa tana da amfani a gida, amma ba a barin ta a hannun yaro dare da rana.

Wata uwa za ta ce: gara in gan shi zaune a gida da waya, da ya fita ya haɗu da abokan banza. Wani uba daga arewa zai ce: da halin tsaron da ake ciki wajen iyaka, ba na barin yarana su yi nisa da dare. Wannan tsoro yana da dalili, ba mu raina shi ba. Amma abokan banza suna shigowa ta cikin waya, har ɗaka, ba tare da uwa ta ga fuskarsu ba. Wasa kuma ba sai an yi nisa ba. Ƙofar gida ta isa, da la'asar, a gaban idon manya.

Wani zai ce: zafin Tawa ya hana gudu. Lalle a watan Afirilu da Mayu ba a cewa yaro ya yi gudu da tsakar rana. Akwai sanyin safiya, akwai bayan la'asar. A sha ruwa kafin wasa da bayansa.

Wani kuma zai ce: zamani ne, ba a iya masa. To, ku ji abin da ƙasashen da suka riga mu samun waya suka yi. Faransa ta hana amfani da waya a makarantun firamare da kwaleji tun 2018. Ƙasar Sin, a 2021, ta taƙaita wa yara wasannin intanet zuwa awa 3 a mako. Ostareliya, daga Disamba 2025, ta hana masu ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a dandalin sada zumunta irin su TikTok da Facebook. Da na gaba ake gane zurfin ruwa. In masu arziki sun ga ya kamata su sa iyaka, mu da ƙarfin jiki ne jarinmu mun fi su bukatar ta.

Shawarwarinmu

Na farko: a sa wa waya lokacin kwana. Bayan sallar isha'i, ko lokacin da gida ya amince, a tattara ta wurin uwa ko kaka. Kada yaro ya shiga shimfiɗa da ita.

Na biyu: mai aiko da waya ya aiko da dokarta. Maigida da ke ci-rani ya yi saƙon murya, ya faɗa wa yara a gaban mahaifiyarsu cewa wayar ta gida ce, kuma maganar uwarsu ita ce tasa. Baffa da kawu da ke gari su taimaka mata.

Na uku: motsi kafin kallo. Awa ɗaya a rana, ko a haɗe ko a rarrabe. Tafiya makaranta da ƙafa in ba ta yi nisa ba, ban ruwa a garka, ƙwallo, langa, tsallen igiya, duka suna cikin lissafi. Alamar da za ku gane ya isa ita ce numfashi ya ɗaga, gumi ya fito.

Na huɗu: a ba ƴan mata nasu rabo. A birni, a ware musu wuri mai sutura da lokaci, a farfajiyar makaranta ko a babban gida, wata dattijuwa tana kula. A ƙauye kuwa a rage musu aiki, a raba shi da ƴan'uwansu maza, a tabbata sun samu barci.

Na biyar: a kare filin wasa. Duk unguwar da ake yanka filaye, a Bilbis ne ko Fakawa ko sababbin unguwannin bayan gari, masu unguwa da hakimai su tsaya a bar wa yara wuri. Filin da aka gine ba ya dawowa.

Na shida: kada a bar rani ya wuce a zaune. Bayan girbi akwai wata takwas ko tara. A ba saurayi ɗan yanki a garka, abin da ya noma nasa ne. A tayar da gayya don gyaran tassa da jeren duwatsu. A shirya kokowa da ƙwallo tsakanin ƙauyuka, ko da kyautar goro ce da sabulu. Ƴan fada da kansu suna iya zama ƙungiyar wasa ko ta aiki, in manya sun ja su a jiki maimakon zaginsu.

Na bakwai: a kula da ƙanana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jariri da ɗan shekara ɗaya kada a ba su kallo sam. Mai shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana. Lallashin yaro da waya yana da sauƙi yau, amma shi ne tushen rigimar gobe.

Na takwas: mu fara da kanmu. Uban da ke cin abinci yana kallon waya ba shi da bakin hana ɗansa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da yara suka ga muna yi shi suke ɗauka.

A yi duk wannan da lalama. Duka da fasa waya ba su gyara yaro, sai dai su koya masa ɓoyewa. A zauna da shi, a yi masa lissafin awa da na kuɗi kamar yadda muka yi a sama, a bar shi ya fitar da amsar da kansa. Saurayin da aka girmama da shawara ya fi riƙe alkawari. In kuwa yaro ya daina cin abinci, ya daina barci, ya guji mutane saboda waya, ko yana yawan kukan ciwon kai da na ido, a kai shi gidan likita.

Muna roƙon duk wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa maƙwabcinsa. A tattauna shi a majalisa, a bakin rijiya, a taron ƙungiyar mata. Gida ɗaya ba zai iya ba, domin yaro zai ce ai ɗan wane ba a hana shi. In unguwa ta haɗa baki a kan lokacin ajiye waya da lokacin wasa, abin zai zo da sauƙi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba su ƙarfin jiki da hasken zuciya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawo mana da matafiyanmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.